Yadda Ake Tsara Wankin Kayan Makarantar Ƙananan Yara

Idan aka tambayi iyaye mata sau nawa suke wanke yunifom ɗin yaransu a mako, wata za ta ce kullum, in ba haka ba ai ƙazanta ce. Wata kuma ta ce sau biyu ya wadatar, don mai wanki kullum kafin zangon karatu ya ƙare rigar ta koɗe ta koma tsumma. Kowacce da gaskiyarta, sai dai ba abu ɗaya suke magana a kai ba. Ta farko riga da safa take hange, ta biyu wando da suwaita. Yunifom tarin kaya ne, kuma kowanne da kwanakin da zai iya ɗauka kafin ya shiga ruwa. Da ke nake magana, uwa, amma in uba ne ko yaya ke riƙe da wankin, tsarin bai canza ba.

Mataki na farko: raba kayan bisa kusancinsu da fata

Kamfai, singileti da safa, sawa ɗaya wanki ɗaya. Wannan babu ciniki a cikinsa. Yaro ɗan shekara 4 ko 5 bai gama iya tsaftace kansa ba idan ya shiga bayan gida a makaranta, kuma ɗigon fitsarin da ido bai gani ba yana nan a jikin kamfan. Safa kuwa ta yini cikin takalmi tana shan zufa. In aka maimaita ta da danshinta, nan ne ƙaiƙayin tsakanin yatsu da warin ƙafa ke samun gindin zama.

Riga ita ce mai gardama. A ƙa'ida, rigar da aka sa a kan singileti, a lokacin da babu zafi, tana iya yin kwana biyu in ta dawo fes. Amma duk wadda ta raini ɗan naziri ta san sau nawa riga ke dawowa fes. Hannun riga shi ne hankicin share majina, gabanta kuma shi ne tawul ɗin goge baki. Don haka ga yaron da bai wuce shekara 6 ko 7 ba, ki ɗauka cewa riga ta kullum ce, ranar da ta tsira ki ɗauke ta a matsayin riba. Farar riga ma ko ta tsira ban cika bari ta kwana biyu ba, domin dauɗar kwala tana taruwa ne a hankali, kuma wadda ta kwana biyu a jikin zare sai an ci wuyan rigar da burushi kafin ta fita.

Wando, siket, da doguwar riga marar hannu da ake ɗorawa a kan riga, suna yin kwana biyu zuwa uku matuƙar babu tabo babu zarnin fitsari. Suwaita sau ɗaya a mako, sai dai a riƙa duba bakin hannunta. Hula ma mako-mako. Kwat, ga makarantun da ke sa shi, sau ɗaya ko biyu a zango ya isa, a tsakani a riƙa goge shi da jiƙaƙƙen ƙyalle. Taye sai ya yi tabo. Kayan wasanni kuwa duk ranar da aka sa, a ranar za a wanke.

Akwai dalilin da ya sa ba a auna kayan ƙaramin yaro da ma'aunin na babba. Zufar da ke haddasa warin hammata daga wasu ƙofofin zufa na musamman take fitowa, kuma waɗannan ba sa fara aiki sosai sai yaro ya doshi balaga, wato wajen shekara 8 zuwa 13 ga mata, 9 zuwa 14 ga maza. Ɗan shekara 5 yana yin gumi, har ya jiƙe sharkaf, amma da wuya rigarsa ta yi tsamin da ta babba ke yi. Dattinsa yawanci daga waje yake zuwa: ƙasa, abinci, tawada, fenti. Shi ya sa a kayan ƙananan yara ido ya fi hanci aiki, in ban da wando, inda hanci ne alƙali. Ranar da kika fara jin hammatar rigar 'yarki 'yar shekara 9 ta sauya, to lissafi ya sauya, rigarta ta koma ta kullum ba tare da dubawa ba.

Mataki na biyu: dubawar minti biyu da zarar an dawo

Rabin wankin da ake sha a gida ba a makaranta aka jawo shi ba. Yaro ya dawo da rigarsa kalau, aka bar shi da ita ya ci abinci, ya yi birgima a ƙasa, ya fita wasa. Saboda haka dokar farko ita ce tuɓe yunifom kafin komai, tun jaka ba ta gama sauka daga kafaɗa ba.

Da ya tuɓe, ki fara da aljihu. Ni sai da na yi asarar fararen riguna uku a wanki guda kafin na koyi wannan. Biro ne ja, marar murfi, a aljihun wando, na haɗa su na jiƙa cikin baho na tafi harkokina. Da na dawo ruwan ya koma kalar hoda, rigunan kuma kowacce da taswirarta. Tun daga ranar hannuna ba ya tsallake aljihu, kuma abin da nake tsinta ya isa a buɗe ƙaramin shago: guntun fensir, kalar zane mai kama da kyandir, tsakuwa, murfin kwalba, cingam da aka tauna aka ajiye don gobe, da takardar saƙo daga malama wadda ya kamata in gani tun shekaranjiya.

Daga nan sai ki ɗaga kayan a wuri mai haske ki duba wurare biyar: cikin kwala, bakin hannu, gaban riga, gwiwa, da mazaunin wando. Ki sunsuna gaban wandon. Hukunci ɗaya ne cikin uku. In babu komai, ki kaɗe ƙura ki rataye a hanga, a inda iska ke ratsawa, kada ki cusa a durowa ko ki bari a dunƙule a kan kujera. In ɗan tabo ne guda a wando ko siket, ki wanke wurin kaɗai ki rataye. In kuwa abin ya wuce haka, sai kwandon wanki.

Akwai abubuwan da ba a tsayawa shawara a kansu: amai, fitsari, kashi, jini, ko kayan da ruwan sama ya jiƙa suka yini a jikin yaro. Waɗannan a ranar ake wanke su, ko da safiyar ranar aka ciro su daga guga.

Mataki na uku: ƙirga abin da kike da shi, ki tsara makon a kai

Yawan kayan ne ke yanke sau nawa za ki tsuguna gaban baho. Riga uku da wando biyu sun fi kowane haɗi sauƙi a ganina. Riga ta farko Litinin, ta biyu Talata, ta uku Laraba. Ranar Talata da yamma ki wanke biyun farko, su sami yinin Laraba cur su bushe, a sa su Alhamis da Juma'a. Wando na farko ya yi Litinin zuwa Laraba, na biyu ya ƙarasa makon, kuma shi ne mai jiran ko-ta-kwana in na farkon ya gamu da tsautsayi tun ranar Litinin. Asabar a haɗa komai har da suwaita a yi babban wanki. Kin ga wanki biyu ke nan a mako. Kamfai da safa ki tanadi biyar ko shida-shida, don su ma su bi wannan layin.

Mai riga biyu za ta riƙa wanke guda kowace yamma, amma aƙalla kowacce tana da yini guda na bushewa. Mai riga ɗaya ita ce a tsaka mai wuya, musamman lokacin ruwan sama. Dabarar ita ce a wanke da zarar yaro ya dawo, kada a jira dare. Bayan an ɗauraye, a shimfiɗa rigar a kan busasshen tawul, a naɗe su tare kamar tabarma, a danna da ƙarfi. Tawul ɗin zai tsotse ruwan da matsa da hannu ba ta fitarwa. Sai a sa a hanga a gaban fanka ko bakin taga. In hali ya ba da damar ƙara abu ɗaya tak, riga za ki ƙara, ba wando ba.

Mataki na huɗu: tabo, kowanne da maganinsa

Nan ne aikin yake, kuma nan ne ake cin riba, domin uwar da ta iya fitar da tabo a wurinsa ta rage wa kanta wanki ta kuma ƙara wa kayan kwana. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe: tabon yau ɗan sabulu yake so, na shekaranjiya kuwa sai an yi dambe.

Jini, ko na haɓo ne ko na ƙujewar gwiwa, ruwan sanyi kawai. Haka amai da madara. Ruwan zafi dafa su yake yi su kama zare, daga nan kuma sai dai haƙuri. Ki juya rigar, ki sakar wa tabon ruwa ta bayansa don ya fita ta inda ya shiga, sannan ki goga sabulu ki bar shi kamar minti 15 kafin ki cuɗa.

Maiƙo akasin haka ne, ruwa mai ɗumi yake so. Ɗiga masa sabulun wanke-wanke na ruwa tun rigar tana bushe, ki murza da yatsa, ki ba shi 'yan mintoci, sannan ki wanke. Yawancin yunifom haɗin auduga ne da zaren roba da ake kira foliyesta, kuma shi wannan zaren yana riƙe maiƙo fiye da auduga. In ba a fitar da shi kafin guga ba, zafin dutsen zai zaunar da shi daram.

Taɓo, wato laka, kada ki taɓa shi yana ɗanye, shafa shi kawai za ki yi ya ƙara faɗi. Ki bari ya bushe, ki kankare da burushi, abin da ya saura ki jiƙa da omo. Koren ciyawa a gwiwa shi ma jiƙo yake so, minti 30 cikin ruwan omo, sannan burushi mai laushi.

Tawadar biro da wuya sabulu kaɗai ya fitar da ita. Ki sa tsumma mai tsabta a ƙarƙashin wurin, ki ɗiga sifirit ko sanitiza na wanke hannu, ki riƙa dannawa da auduga kina sauya gefen tsumman yayin da tawadar ke sauka a kansa. Dannawa, ba gogawa ba. A kaya masu kala ki fara gwadawa a cikin kalmasa, inda ba a gani, don wani rinin yana bin sifirit. Cingam kuma ƙanƙara za ki ɗora masa har ya sandare, sai ki ɓamɓare da bayan cokali.

Dauɗar kwala da bakin hannu: a jiƙa wurin, a goga sabulun wanki na sanda, a bi da tsohon burushin haƙori. Burushin wanki mai tauri yana fitar da dauɗar da sauri, amma shi ne ke cinye kwala har ta fara fitar da zare tun rigar tana sabuwa.

Kowane irin tabo ne, kada ki yi guga sai kin tabbatar ya fita.

Mataki na biyar: wankin kansa

Ki duba ɗan ƙyallen da ke liƙe a cikin wuya ko gefen riga. Hoton baho mai lamba 30, 40 ko 60 yana nuna iyakar zafin ruwan da kayan za su jure a ma'aunin Salshiyas. Alama mai kusurwa uku ta bilic ce, in an soke ta da gicciye to kada bilic ya kusanci kayan. Da'ira zalla tana nufin wankin shago na musamman, kuma a jikin kwat aka fi ganinta. Ga wankin yau da kullum, ruwan sanyi ko mai ɗumi da bai wuce digiri 40 ba ya isa.

Farare daban, masu kala daban. Sabon wando mai duhu ko sabuwar suwaita ki wanke su su kaɗai sau biyu na farko, don suna zuba. Dama sabon kaya ana so a wanke shi kafin yaro ya fara sawa, saboda ragowar rini da sinadaran masaƙa. Ki juya kayan ciki ya koma waje, ki ja zif, maɓallan riga kuma ki ɓalle su don kada ramukansu su buɗe.

In da hannu ne, ki narkar da omo a ruwa tukuna sannan ki zuba kaya, ki jiƙa minti 20 zuwa 30. Jiƙon kwana ba ya ƙara tsabta, sai dai ya sa kala ta zuba, ruwan ya yi wari. In inji ne, kada ki cika shi maƙil, kaya suna bukatar wurin juyawa.

Yawan kumfa ba shi ne tsabta ba. Omo da ya yi yawa yana maƙalewa a zare, ya sa riga ta yi tauri, ya kuma sa yaro susa, musamman mai fata marar jure abubuwa. Ki ɗauraye har sai ruwan ya fito garau, sau biyu ko uku. In yaronki yana yawan ƙuraje a wuya ko ƙugu, daidai inda kwala da robar wando ke gogarsa, ki fara zargin ɗauraya da turaren sabulu kafin komai.

Bilic kuwa, a yi hattara kada garin neman gira a rasa ido. Yana haskaka farar auduga zalla, amma farar rigar da ke da foliyesta sau da yawa rawaya yake mayar da ita, kuma wannan rawayar ba ta komawa. Yana kashe robar safa da ta ƙugu, yana kuma cin bajon makaranta da aka ɗinka a aljihu. In dole ne, a tsarma shi da ruwa sosai kamar yadda aka rubuta a jikin robarsa, kuma kada a taɓa haɗa shi da ruwan khal ko maganin wanke bayan gida, domin haɗin yana tayar da iska mai guba. A ajiye shi inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Mataki na shida: shanya da guga

Farare a rana, masu kala a inuwa mai iska, a juye. Rana ce ke koɗar da shuɗin wando fiye da wankin kansa. Suwaita a shimfiɗe ake shanya ta, in aka rataye ta da ruwa za ta zazzago, hannuwanta su wuce yatsun yaro. Kada ki kwashe sai sun bushe ƙarau, musamman ƙugun wando da cikin aljihu. Kayan da aka ninke da ɗan danshi su ne ke yin warin fumfuna, wanda sai an sake wanki yake fita.

A igiya ake shanya, ba a ƙasa ko kan ciyawa ba. A wasu yankuna masu zafi akwai wani ƙuda da ke yin ƙwai a jikin kaya masu danshi, tsutsarsa ta shiga fata ta yi ƙurji kamar maruru. Guga mai kyau, har da kamfai da bin kalmasa, tana kashe ƙwan.

Hoton dutsen guga a jikin ƙyallen nan yana da ɗigo. Ɗigo ɗaya zafi kaɗan, kimanin digiri 110. Biyu, 150. Uku, 200, na auduga zalla. Yunifom mai haɗin roba bai wuce ɗigo ɗaya ko biyu ba. Wando mai duhu ta ciki ake goge shi ko a ɗora ƙyalle a kai, in ba haka ba ya yi ƙyallin nan da ba ya gogewa.

Lokacin da yaro ba shi da lafiya

A nan duk lissafin kwanaki ya rushe. In amai da gudawa ne, kayan da suka ɓaci a fara kawar da abin da ke jikinsu da ruwan sanyi, sannan a wanke su daban da na sauran 'yan gida, da ruwa mafi zafi da ƙyallen ya yarda, digiri 60 in zai yiwu. Mai wankin ta wanke hannunta da sabulu bayan ta gama.

In ƙwarƙwata ce aka kwaso, a tattara abin da ya taɓa kan yaron cikin kwana 2 kafin a fara magani, wato hula, riga, suwaita da rigar matashi, a wanke da ruwan zafi da ya kai digiri 54 ko sama. Abin da ba ya wankuwa a ƙulle shi a leda mako 2. Ba sai an tayar da gida duka ba, ƙwarƙwata ba ta wuce kwana ɗaya zuwa biyu a raye in ta rabu da kan mutum. Ƙazwa kuma kayan kwana 3 da suka gabata ake bi, da zanin gado da tawul, ko a ƙulle su a leda aƙalla kwana 3. Mai makero a riƙa wanke hularsa da rigarsa kullum, kuma kada ya yi musayarsu da ƙannensa har sai ya warke.

Jaka da takalmi

Jaka a zazzage ta duk Juma'a, a goge cikinta da jiƙaƙƙen tsumma, a wanke ta a lokacin hutu. Takalmi a ciro safa daga cikinsa kullum, a bar shi ya sha iska.

Ga 'yan naziri, ki riƙa saka kamfai da wando na canji a jaka, tare da leda guda. Ranar da aka yi tsautsayi malama za ta ƙulle jiƙaƙƙen a ledar, kuma yaro ba zai faɗa miki ba, kunya ba za ta bar shi ba. Don haka in kin gama da aljihu ki leƙa ƙasan jakar. In kin samu, ki ɗauraye da ruwan sanyi nan take kafin ya shiga sabulu, sannan ki mayar da wani wandon cikin jakar tun a daren, don da safe mantawa za ki yi.